Kaset ɗin Kawu da Matan Fako

Warin kafur ne da tsatsa. Shi ya fara bugun hancina ranar da munka buɗe adakar kawu, kwana arba'in da rasuwarsa. Riguna ne na Abija, birnin nan na bakin teku, da asu ya ci, da takardun tafiya, da wani agogo da ya tsaya. Can ƙasa, naɗe cikin tsohon rawani, ga kamera, ga kuma kaset guda ƙarami, bai kai tafin hannuna ba. Da na ɗauke shi sai bayan wuyana ya yi sanyi, alhali ana tsakiyar bazara. Shekara talatin da wani abu rabona da shi, amma na gane shi.

Ni ba mai karatu ba ne. Aji uku na yi a lakkwal, makarantar boko, mushe, wato malamin, ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi. Sauran abin da na iya a tasha na koye shi. To ka yi haƙuri da yadda zancen zai zo maka.

Ni ɗan fari ne. In kai ɗan yanzu ne, ba ka san nauyin wannan ba. A garinmu, wani ƙauye na ƙasar Adar tsakanin Tamaske da Keita, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta zama inda ya zauna. Kunya ce. Ana yaye ni anka kai ni ɗakin kaka, uwar babana, can na girma. Innata tana gida ɗaya da mu, danga ce kawai tsakani, amma in za ta aiko min da fura sai ta ce a kai wa "wancan". In na shigo sai ta juya ta kama wani aiki. Abin da na sani nata bayanta ne: baƙin zane, gammo, da ƙanwata a goye. Manya suna cewa so ne ya kawo haka. Ni dai yaro ne, abin da idona ya gani shi na riƙe. Ta rasu ina shekara goma, na kuma girma ban iya tuna fuskarta ba. Ko matata ban taɓa faɗa wa wannan ba.

Shekarun nan ne porje, wato aikin Nasara na raya ƙasa, ya zo ƙasarmu. Tudun da ke saman gari ya zama fako, ƙasa ta daskare kamar bayan tukunya, ruwa in ya sauka sai ya gangaro ya yanke gonakin kwari ya wuce. Nasaran porje sunka ce a jera duwatsu layi-layi a tare ruwan, a gina ramuka a dasa itace. Maza duk sun tafi biɗa, ci-rani, wasu Abija, wasu Libiya. Mata ne sunka yi aikin. Tun da safe za ka gan su sun hau, kowace da daro bisa kai cike da dutsi, suna tafiya bayan juna, suna waƙa in ƙarfi ya saura. Ana ba su hatsi da mai da kifin gwangwani. Har yau in na ji warin kifin gwangwani, ƙarar dutsi cikin daro nake ji.

Kaka ta hana mu hawa fakon da rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Ta ce akwai wata mace can. Dutsi ɗaya take ɗauke da shi, ba gammo. Zanenta irin na kowa, tafiyarta irin ta kowa. Abu guda ne: fuskarta sumul take, ba aska ko ɗaya. Ka sani, a lokacin ba wanda ba shi da aska a garinmu. Wanzami ke yi tun ana jinjiri, kowane gida da tasa, ka ga fuska ka san ƙofar da ta fito. Na ce wa kaka ai Nasaran porje ma ba su da aska. Ta ce, "Su an san jirgin da yak kawo su. Ita wa yak kawo ta?"

Ta ce matar ba ta duka, ba ta magana. In ta iske yaro zaune sai ta tsaya kansa ta yi masa inuwa. Yaro ya ji sanyi, ya ji daɗi, ya yi barci, shi ke nan. Ba ya tashi sai in uwar da ta haife shi ta kira shi da sunansa na yanka, da ƙarfi. Mun tambayi kaka, to ita uwar fa, mi ke samunta? Sai ta ce mu tashi mu ba awaki ruwa.

Sauran yara sun yi dariya sun manta. Ni ban manta ba, domin na yi tunani irin na yaro: ni ke nan ba mai kirana.

Cikin bazarar nan kawu, wan innata, ya zo daga Abija da kamerar. Gari ya tashi. Ba tele, akwatin kallo, a garinmu, sai dai ka sa ido a wani ɗan rami na jikin kamerar ka ga mutane ƙanana, baƙi da fari, suna motsi. Tsofaffi sunka ce ba ruwansu, sannan sunka bi layi su leƙa. Kawu ya ce zai ɗauki matan fako ya kai wa mazansu can su ga abin da ake yi a bayansu. Ni kuwa ina manne da shi, inda ya sa ƙafa nan nake sa tawa, don shi kaɗai ne a dangin innata ke kiran sunana ya kuma dafa kaina.

Ranar, kamiyon da ke kawo dutsi, babbar motar nan, ya makara, aiki ya ja har rana ta take tsaka. Kawu na tsaye yana ɗauka, ni na zauna bayansa a ƙasa. Ko ƙaya guda babu a fakon nan, balle itace. Ina tuna zafin dutsi a cinyata. Sannan ina tuna sanyi ya sauko min kamar an shigar da ni ɗakin soro, da ƙanshin ƙasa irin na ruwan farko. Na ji daɗi ƙwarai. Abin da na sani ke nan. Na farka a ɗakin kaka ana ɗura min rubutu. Anka ce rana ce ta buge ni, kawu ya sauko da ni a kafaɗa.

Bayan kwana kaɗan innata ta fara tari. Ba ta ga yankan gero ba. A likita ta Keita sun ce ciwon ƙirji ne, mata da yawa masu ɗaukar dutsi sun yi shi. Ni ma haka na riƙe, kuma rai na Allah ne. Kawu ya koma Abija, bai nuna wa mazan kaset ɗin ba, bai sake barin kowa ya leƙa ramin nan ba har ya tsufa ya dawo gida ya mutu.

Da ƙanwata ta ji an sami kaset ɗin, ita da ke goye a lokacin, yanzu tana aure a Abija da 'ya'yanta, sai ta kira ni. Ta ce, "Yaya, ka sa a zuba shi a shafin nan na intanet inda ake kallon bidiyo, mu duka mu gani. Amma ya fito da kyau fa. Ni ko hancin uwata ban sani ba." Ban ce mata ni ma haka ba. Matsalar kuwa ita ce, cikin matan layin nan saura mutum ɗaya da rai, gwaggo, ƙanwar babana. Ita kaɗai za ta iya sa yatsa ta ce ga innarku. Yanar ido ta riga ta rufe mata na hagu, na dama ma ta kama shi. In na yi jinkiri, sai mu zauna da mata arba'in a hoto ba mu san wadda za mu yi wa kuka ba.

Na ɗauki kaset na tafi Madawa wurin wani mai ɗaukar bidiyon biki, sa'ana ne, Bagobiri, gemunsa ya fara fari, askarsa tun daga baki har kunne. Ya juya kaset ɗin a hannu ya ce, "Ba'adare, wane kabari ka tono wanga?" Kamerar kawu ta mutu, amma yana da irinta a ƙasan tebur. Ya sa kaset, ya jona wayoyi uku, rawaya da fara da ja, cikin wani ɗan akwati, akwatin kuma cikin ordinater, wato kwamfuta. Ya ce in tafi gida, zai gyara shi ya yi tas, ya zuba, ya turo min a waya.

Kwana uku ya turo. Da hantsi ne, na iske gwaggo ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gujiya, na durƙusa na kunna mata.

Kiɗan biki ne ya fara tashi. Sannan ga fako, jawur kamar an shafa masa manja. Ga matan, amma sun yi gajeru sun yi faɗi. In sun motsa sai gefen jikinsu ya tsage kamar haƙoran matsefi, wani lokaci su narke su zama ƙananan murabba'ai. Duk wannan da sauƙi. Fuskokin ne. Kowace fuska sumul, tana ƙyalli, ido manya, ba aska, ba tsufa, ba gajiya. Kamar fuska ɗaya ce anka raba musu. Suna tahowa bayan juna da duwatsu bisa kai, suna kallonmu.

Gwaggo ta kai wayar dab da idonta na dama, ta daɗe. Sai ta kife ta a ƙasa, ta ja da baya, ta yi a'uzu sau uku.

"Ɗauke man abin ga," ta ce. "Waɗanga ba mu na ba. Guda muka tsoro, kai ka kawo man garke."

Ban yi musu ba, na ɗauke wayar. Na ce gobe zan koma Madawa. Ta ce da ita za a tafi, tana son ta ga mai goge fuskar mutane. Shekara nawa ba ta shiga mota ba, amma da safe na iske ta ta ɗaura zanenta na fita tana jirana.

Muna shiga shagon ta matsa kusa da mai bidiyo, ta leƙa fuskarsa kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ta ce, "Kai da anka yanka har kunne awa kabewa, kai ka share tamu?"

Ya yi dariya, sannan ya ga ba dariya take ba. Ya ba ta kujera ya ce, "Inna, ba ni ba ne, na'ura ce. Amare ke son haka, kowace so take a goge ta." Ya yi mana bayani. Wai akwai wani abu cikin ordinater da ke share dattin tsohon hoto. Da ya ga aska sai ya ɗauka ƙarzuwar kaset ce, ya goge. Inda kuma bai ga fuska da kyau ba, sai ya aro daga fuskokin wasu mutane can da anka koya masa, ya liƙa. Ya ce, "Ita ba ta san Adar ba."

Na ce, "To ka cire mata hannu daga fuskar uwata. Kuma yau ina nan zaune har ka gama."

Yini munka yi. Zan faɗa maka abin da na gane, ko wani na da irin kaset ɗin a adaka. Ya sake juyo shi tun daga farko, bai matse shi ba. Ya bar shi a tsukensa yadda kamera ta ɗauka, da baƙi a gefe biyu, domin ja da ya yi masa ya cika allo shi ya mai da mata gajeru. Haƙoran matsefin nan kuwa, ya ce kamerar dā ba ta ɗaukar hoto gaba ɗaya. Rabi take ɗauka, layi a tsallake layi, sannan ta ɗauki ɗaya rabin, ta saƙa su kamar tabarma. Tele ta dā ta san warwarewa, waya ba ta sani ba. Sai ya warware saƙar da kansa, kowane rabi ya zama hoto mai zaman kansa, hamsin cikin sakan guda. Ya ƙara wa hoton girma ba tare da ya ƙara masa komi ba, ya ce shafin nan in ka kai masa ƙaramin bidiyo raina shi yake, ya matse shi ya dagargaza, in babba ne sai ya ba shi wuri. Tsakin da ke yawo a hoton kamar an watsa gero, ya ce a rage, na ce a bari. Ya cire kiɗa ya maido iskar fako. Sai ya ce akwai wani guntu a ƙarshe da ya yanke, domin rawa yake, ba kyau. Na ce a maido.

Bayan azahar ya juyo mana babban allo. Gwaggo ta ja kujera har hancinta na kusa da taɓa gilashi.

Hoton bai yi tas ba. Dishi-dishi ne, launi ya koɗe. Amma mutane ne. Gwaggo ta fara nunawa da yatsa: ga matar maƙeri, ga ɗiyar liman, ga wadda rijiya ta ci, ga ni nan da ƙaton ciki, dubi wuyana a lokacin. Askar kowa ta dawo inda wanzami ya sa ta. Tana dariya tana share ido. Sai ta ɗora yatsa kan ta uku daga ƙarshen layi.

"Ga ta nan."

Baƙin zane, gammo, jinjira a goye. Ta ba kamera baya. Layi ya juyo, kowa ya fuskanto mu, ita ta karkatar da kai gefe. Sun sake zagayowa, ta sake kaucewa. Na san dalili, ni ne zaune bayan kawu. Na ce a raina, to, har a nan ma. Na yi tafiya, na wahalar da tsohuwa, don in sake ganin bayan da na riga na sani. Na fara neman takalmina.

Sai guntun ƙarshen ya shigo.

Tana cikin tafiya ta tsaya cak. Ta juyo gaba ɗaya. Na ga fuskarta: doguwa, layi uku gajeru a kowane kunci, wushirya. Ba kamera take kallo ba, bayan kamera take kallo, sama kaɗan da inda yaro zai kai in yana zaune. Daro ya suɓuce, duwatsu sunka zube. Ta buɗe baki. Cikin iskar nan mai buga makirfo na ji sunana. Sunana na yanka, cikakke, sau biyu, da murya wadda ban san tana da ita ba.

Daga nan kamera ta juya da sauri, ƙasa, sama, ƙafar kawu, ta mutu.

Mai bidiyo ya mai da shi baya, yana taɓa maɓalli, hoto ɗaya, hoto ɗaya, don ya tsayar min da fuskarta. Ya zarce kaɗan bai sani ba, ya shiga inda kamera ke juyawa. A hoto guda ga wani yaro zaune a ƙasa, kansa ya langaɓe, cikin inuwa doguwa siririya. Duwatsun da ke gefensa ba su da inuwa, rana na tsaka. Ya taɓa maɓalli. Hoto na gaba, yaron na nan, inuwa babu. Ya koma baya, tana nan. Ya zo gaba, babu.

Ya ce, "Kamera in ta juya da sauri idonta kan rufe. Ko kuma kaset ne ya ci." A hankali ya faɗa, kuma bai dube ni ba.

Gwaggo ta ce, "Ni ban ga komi ba rannan. Innarka ita tag gani."

Na ce, "Gwaggo, shekara talatin. Ba wanda ya gaya min ta kira ni."

Ta ce, "Gaban wanta, gaban dangin mijinta, gaban gari duka, tak kwance kunyarta ta yar. Da ta dawo gida ba ta iya ɗaga kai. Munka rufa mata, ba wanda yas sake zancen har ta tahi. Kunyarta ce, ɗana. Mu wa da za mu tona?"

Na fita waje na tsaya wurin masu albasa, na yi kamar ita ce ta shiga min ido.

An zuba bidiyon, ya fito yadda muke so. Na sa an tsayar da shi daidai inda ta rufe baki, sauran yana cikin kile, ɗan abin nan na ajiyar bidiyo, a adakar kawu, ban sake kallo ba. Ƙanwata ta kira tana kuka tana dariya, wai ashe wushiryar gado ce. 'Yan garinmu na Abija da Libiya kowa ya nemi uwarsa a layin ya samu, saboda aska. Idon gwaggo ya ƙarasa rufewa kafin ruwan farko. Abu ɗaya ta roƙe ni, in gaya wa masu kallo kada su kunna shi da rana tsaka, don duk wanda ya taɓa sai innata ta sake kira, kuma ba mu kaɗai ke ji ba. Na gaya wa waɗanda zan iya. Sauran duniya ba ni da bakinsu.

Fakon nan yanzu daji ne. Itacen da sunka dasa sun girma, awaki na kiwo, inuwa ko'ina, ba ka iya cewa wannan ta itace ce wannan ba tata ba. Wanzamai sun bar aska. 'Ya'yana ba mai ko layi ɗaya, 'yan matan garin duk fuskarsu sumul, in sun ɗauki hoto ma sai sun ƙara gogewa. Da kaka za ta tashi ta ratsa kasuwar Tamaske, da ba ta kai ƙarshe ba. Ni ban ce a koma yanka yara ba. Na dai ce yanzu ko matar nan mai yin inuwa ta sauko ta zauna cikinmu, ba mai ganewa.

Matata irin ta dā ce, har yau "wancan" take ce wa babban ɗanmu, ga shi da gemu. Ran da na dawo daga Madawa na zaunar da ita na ce ta faɗi sunansa in ji. Ta rufe fuska ta ce na haukace. Na ce ba gaban mutane ba, ni da ke, sau ɗaya, in san bakinki ya iya. Sannan ta faɗa, can ƙasa-ƙasa.

Yana bayan danga yana ɗaure jaki. Sai munka ji ya ce, "Na'am?"